Faifan Da Rilwanu Ya Ce Ya Mutu

Akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta a Batsari, sunansa Rilwanu, amma in ba Injiniya ka kira shi ba sai ya yi kamar bai ji ka ba. Shagonsa na kusa da tasha, ɗaki ɗaya ne da benci a waje da wani janareto mai yawan tari. Gyaran ma kaɗan ne. Abin da ke ciyar da shi shi ne tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, musamman ranar kasuwa.

A faɗi gaskiya, Rilwanu na da hannu. Wayar da ta faɗa ruwa yakan tashe ta. Ciwonsa ɗaya ne, ba wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Duk abin da ya gagare shi, to ya mutu ke nan, a je a sayi sabo. Kuma ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai tare ka da, "Na gane, na gane, kawo."

Mutumin Wagini ne, kuma ɗan fari ne a wajen mahaifiyarsa, Inna Baraka. Kun san iyayenmu na ƙauye da kunyar ɗan fari. Tun yana goye har ya yi gemu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aika masa fura sai ta ce, "A kai wa wancan." Hoto kuwa ba ta yarda da shi ba sam, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Haka ta rasu, ba hoto, ba murya. Rilwanu ya je jana'iza, ya zauna zaman makoki, ya dawo ya buɗe shago. Ba ya zancenta da kowa.

Mu a wannan yanki mun riga mun daina mamaki. A ce 'yan bindiga sun shiga ƙauye kaza, ka ce Innalillahi, ka tambayi mutum nawa, ka ci gaba da abin da kake yi. Ba rashin imani ba ne, zuciya ce ta gaji.

A irin wannan lokacin, sa'ad da aka katse layukan waya a yankin baki ɗaya, wata mata ta zo shagon da hantsi, goye da yarinya.

"Salamu alaikum. Ina kwana, Injiniya?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya yara?"

"Lahiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Me aka kawo?"

"Ni ce Zuwaira, matar Sahabi mai hoto na Runka."

Rilwanu ya ɗago kai. Duk wanda ya yi biki ko suna tsakanin Runka da Zakka da Wagini ya san Sahabi, da kyamararsa a wuya da babur ɗinsa maras madubi. An tare shi a hanya yana dawowa daga ɗaukar wani suna, aka harbe shi. Ba a jima ba aka shiga unguwarsu, aka kwashe wayoyi, aka sa wa gidaje wuta. Zuwaira ta gudo Batsari wajen gwaggonta da ciki, a nan ta haihu.

"Allah ya jiƙan Sahabi. Ya haƙuri?"

"Mun gode Allah."

Ta kwance bakin zane ta ajiye wani abu a kan tebur. Faifan ajiya ne irin na zamani da ake kira SSD, wanda ba ya juyawa kuma ba ya ƙara, yana cikin kwanson roba da ake jona shi da kwamfuta. Wuta ta lashi kwanson, bakin da ake sa waya ya narke.

Ta ce guda biyu ne iri ɗaya, a cikin adakar ƙarfe aka tsince su bayan wuta ta mutu. Bulus, abokin Sahabi da suke aikin ɗaukar hoto tare, ya tafi da ɗaya Katsina ko zai samu mai buɗewa. Ya ƙi ɗaukar biyun, ya ce in an tare shi a hanya kada a yi asararsu gaba ɗaya. Tun da ya tafi ba labari.

"To me kike nema a ciki?"

"Fuskarshi," in ji Zuwaira. "Shi ke ɗaukar kowa, shi ba mai ɗaukar shi. Sau ɗaya ya tsaya gaban kyamara, ranar bikinmu, Bulus ya riƙe mai. Hotunan bango sun ƙone, wayata an tahi da ita. Ɗiyar nan Zinariya ba ta taɓa ganin shi ba, ga shi ta fara ce ma kowane namiji Baba."

Ta faɗi wannan ba hawaye, kamar mai ba da labarin wata.

Rilwanu ya sa sukundireba ya ɓalle kwanson, ya jefa shi kwandon shara. Faifan na ciki lafiya lau, sai ɗan baƙin tabo a kusurwa. Ya buɗe cikin kwamfutarsa ya jona shi kai tsaye. Kwamfuta ta gan shi, amma ta ƙi buɗewa. Wani ɗan rubutu ya fito yana cewa sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi, wato a share shi tas a mai da shi sabo.

Ya sake wayar da ya jona shi da ita, ya kashe ya kunna, ya hura bakin faifan. Rubutun nan dai shi ya sake fitowa.

Akwai mutane a benci suna kallo. Nan ne wurin da ya kamata mutum ya ce, "Wannan ban san kansa ba, bari mu tambaya." Ina! Rilwanu ya jingina da kujera ya ce, "Ya mutu. Zafin wuta ya cinye abin da ke ciki."

"Ba yadda za a yi?"

"In ni ban buɗe shi ba, ko Kano kika kai shi ɓata lokaci ne."

Zuwaira ta gyara goyo. Sannan ta ce, "Ai har da wani abu na gidanku a ciki, Injiniya. Lokacin bikin ƙanwarka a Wagini..."

"Na gane, na gane. Bikin nan ai ina wurin, na ga komai da idona. Ba abin da ke ciki yanzu, ki yi haƙuri."

Da za ta tafi sai ta ce gidan gwaggonta ya cika da 'yan gudun hijira, yara na wasa da duk abin da suka samu.

"Ka ajiye mani shi amana. Bulus ya ce in ya ƙi buɗewa a bar shi yadda yake, kada a taɓa komai sai ya zo."

"Bulus?" Rilwanu ya yi dariya. "Bulus ɗin da ko memori bai iya sa wa waya ba? To, shi ke nan, yana nan."

Ya jefa faifan a durowa cikin matattun batura.

Damina ta wuce, aka yi girbi, waɗanda suka samu shiga gonakinsu ke nan. Wata ranar kasuwa da safe, faifan da Rilwanu ke tara fina-finai a ciki ya fara ƙugi yana tsayawa. Ga benci ya cika, mutanen ƙauye sun zo da wayoyinsu, kowa na sauri ya koma kafin la'asar saboda hanya. Yana bukatar inda zai juye fina-finan kafin tsohon faifan ya ƙarasa.

Ya ja durowa. Faifan Sahabi na nan.

Ya jona shi. Rubutun ya fito kamar yadda ya saba. Rilwanu ya ce a ransa, ai dama matacce ne, in ya karɓa riba, in bai karɓa ba shi ke nan. Ya danna.

Kafin ya gama amsa gaisuwar wani dattijo, an gama. Faifai ya buɗe fes, wayam, yana jiran kaya.

Hannunsa ya tsaya a kan tebur. Shi ba yaro ba ne a sana'ar nan, ya san abin da wuta ta kashe ba ya tashi haka da sauri. Sai wani ya leƙo ya ce, "Injiniya, don Allah a sa mani na Indiya mai fassara, mota za ta tashi." Ya ce to. Ya juye fina-finan, ya ƙara da waƙoƙi da wasan dambe, har faifan ya cika maƙil.

Wallahi ko abincin ranar bai fasa ci ba.

Bayan haka Zuwaira takan biyo ta gaban shagon in ta fito sayar da ƙuli-ƙuli. Ta gaishe shi, ta ce, "Ajiyata na nan?" Ya ce, "Tana nan." Ba ƙarya ya yi ba, tana nan a kan tebur, tana aiki daga safe zuwa magariba.

Sai da aka dawo da layukan waya da daɗewa sannan Bulus ya zo. Da rana ne, bayan azahar. Ya rame, ya rataya jaka, Zuwaira na biye da shi riƙe da hannun Zinariya, wadda yanzu take tafiya da ƙafarta.

Suka gaisa, aka tambayi mutanen Katsina, aka tambayi hanya. Bulus ya zauna a benci ya fito da wata 'yar kwamfutar hannu da ɗaya faifan.

"Injiniya, nawa ya buɗe."

"Wanne ya buɗe?"

"Na Sahabi. Ni ma da na cire shi daga kwanson da ya ƙone, abin da ya ce maka shi ya ce mani, wai a yi fomatin. Na ce ni ban san wannan ba, ba zan taɓa ba. Na yi ta yawo da shi shago-shago. Wasu suka ce ya mutu, na ce na gode, na karɓi abina. Har aka haɗa ni da wata Malama Mahfuza da ke koyar da kwamfuta. Ita ma ba a ranar ta gane ba, sai da ta yi bincike."

Karon farko ke nan da aka ga Rilwanu ya bar mutum yana magana.

Bulus ya ce abin da malamar ta gaya masa shi ne, kowane faifai a yanke yake gida-gida, kuma da waɗannan gidajen ake ƙirga inda kaya suke. Akwai ƙaramin awo na ɗari biyar da sha biyu, akwai babba na dubu huɗu da casa'in da shida. Kwanson da Sahabi ya saya irin mai nuna wa kwamfuta babban awo ne, don haka duk ajiyarsa da babban awo aka tsara ta. Da aka cire kwanson, sai faifan ya koma nuna ƙaramin, kwamfuta kuma ta bi shi a haka.

"Kamar ka binne hatsi ne lokacin gudu, ka ce taku ɗari daga gindin tsamiya. Kai da takun babba ka ƙirga. Aka aiki yaro ya ƙirga da nasa takun, ya tona bai ga komai ba, ya dawo ya ce an sace. Hatsi kuwa na can gaba, ba wanda ya taɓa shi."

Ya ce ba kowace manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ce ke barin ka gaya mata awon da za ta bi ba. Irin wadda ke shagunanmu abin da faifai ya nuna mata shi take ɗauka. Ta malamar kuwa wata iri ce dabam, ta umarce ta da ta ƙirga da babban awo, nan take komai ya fito. Ita ce ma ta sa masa a wannan kwamfutar, ta nuna masa inda zai danna.

Ya kunna wani bidiyo. Taron suna ne a Runka, maza a kan tabarmi, ana rabon goro. Mutanen da ke tasha suka matso.

"Wannan Mani ne, an kashe shi a gona."

"Ga Surajo mai shayi. Shi har yau ba a san inda yake ba."

"Wannan tsohon ya rasu a Safana, ciwo ne shi."

Haka suka yi ta lissafa su, ba wanda ya yi kuka. Sai wata murya ta fito daga bayan kyamara, tana dariya: "Ku matso mana, ku matso! Baba, a kalli nan!"

Zuwaira ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta jawo Zinariya ta ce, "Ji Babanki." Yarinyar ta leƙa allon, ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wanne?"



Bulus ya share fuska da hannu ya ce, "Wannan na ayyukan baya-bayan nan ne, muryarsa kawai ke ciki. Tsofaffin, da bikinsu shi da Zuwaira, suna cikin wanda aka bar maka. Kawo shi mu buɗe mata."

Rilwanu ya kalli teburinsa. Bulus ya bi idonsa. Ga faifan nan da baƙin tabonsa a kusurwa, jone da kwamfuta, yana tura wa wani ɗan acaɓa fim a waya.

Bulus ya tashi ya leƙa allon. Sunayen fina-finai ne jere, daga sama har ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Ka danna," in ji shi. Ba tambaya ba ce.

"Na ɗauka ya mutu."

"An ce maka a bar shi."

"An ce."

Bulus bai ɗaga murya ba. Ya kira Malama Mahfuza a waya, ya sa muryar a bayyane kowa na ji. Ta tambaya ko bayan fomatin an zuba wani abu a kai. Ya ce an cika shi. Ta ce tun yaushe. Ya kalli Rilwanu, Rilwanu ya ce tun kaka, kuma yana gogewa yana sake zubawa. Malamar ta ce da fomatin ne kaɗai da akwai ɗan sa rai, amma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Ta ce Allah ya ba da haƙuri.

Ɗan acaɓan ya zare wayarsa a hankali ya fita, fim ɗin bai gama shiga ba.

Kowa na jiran Zuwaira ta yi ihu ko ta yi Allah ya isa. Ni da kaina da ta yi, da na ce ta yi daidai. Amma ba ta yi ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki Zinariya ta saɓa a kafaɗa.

"Zuwaira, don Allah ki yafe..."

"Bari in ƙarasa maganar da na fara maka rannan," in ji ta. "Yau ka bari in kai ƙarshe."

Sai ta ci gaba.

"Ranar bikin ƙanwarka, Sahabi ya aje kyamara kan turmi ya tahi cin abinci, ya manta bai kashe ba. Innarka na zaune bayan rumbu da wata ƙawarta, ba ta san ana ɗauka ba. Fuskarta a buɗe, tana dariya. Bai lura ba sai bayan ta rasu, da yana duba tsofaffin ayyuka. Ya kira ni muka kalla tare. Ya ce ranar da hanya ta yi kyau zai kawo maka da kanshi."

Rilwanu ya dafa tebur.

"Ƙawar ta tambaye ta wa ya yi hidimar bikin. Ta waiga ta ga ba kowa. Sai ta ce, Rilwanu ne. Ta ce Rilwanu bai taɓa bari ta nema ta rasa ba. Ta sa maka albarka, da sunanka."

"Da sunana?"

"Da sunanka."

"Me ya sa ba ki gaya mani ba?"

"Na fara, ka ce ka gane. Da ka ce ya mutu kuma, sai na ga mi zan faɗa? In ƙara maka baƙin ciki a banza?"

Janareto na ta tari a waje. Wata mota ta cika tana kiran Katsina. Rilwanu ya kalli faifan, ya kalli sunayen fina-finan da ya jera da hannunsa. Bai yi kuka ba, fuskarsa ma ba ta motsa ba. Sai da Zuwaira ta kai bakin ƙofa ya yi magana, muryar can ƙasa.

"Yaya ta faɗe shi? Sunan. Ki faɗa mani yadda ta faɗa."

Zuwaira ta tsaya. Ta buɗe baki kamar za ta gwada, sai ta girgiza kai.

"Ban iya muryarta ba, Injiniya."

Ta fita da ɗiyarta. Bulus ya rufe kwamfutarsa ya bi bayansu.

Darasi: In aka kawo maka abin da ba ka san kansa ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar shi yadda ka same shi. Abin da ya ƙi buɗewa a hannunka ba lallai ya mutu ba, wataƙila kai ne ba ka da abin karanta shi. Kada ka danna fomatin a kan ajiyar wani, kuma ka riƙa bari mutane su kai ƙarshen maganarsu, don ba ka san ko taka ce suka kawo maka ba. Ku tura wannan ga duk mai gyaran waya ko kwamfuta da kuka sani, da duk wanda ke riƙe da amanar wani a durowarsa.